Na Rubuta a Balan, Ya Fito a Toranke

SHAFI NA 19

Masu kirana a waya kuna cewa na bar ku a rataye, ku bar kunnena ya huta. Ga shi nan.

"Kawo hannunka, Ciyaman."

Alhaji Tukur Balan ne ya miƙo mini hannu, a shagona da ke bakin tashar Ajingi, ranar Laraba da hantsi. Saura kwana uku a yi zaɓen Ƙungiyar Manoman Gyaɗa ta Gaya da Ajingi, wadda nake riƙe da kujerarta shekara goma sha biyu. Tukur ne ya fito neman kujerar bana, kuma ƙuri'un ɓangaren Gaya duk a aljihunsa suke.

Ban ba shi hannun ba tukuna.

"Maimaita dai, in ji da kunnena."

"Na janye. Mutanen Gaya su zaɓe ka ranar Asabar. Kai kuma injin ɓare gyaɗa na ƙungiya ya fara aiki a Balan bana. Ba Toranke ba, ba nan Ajingi ba. Balan."

"Iyakarta ke nan?"

"Iyakarta ke nan. Amma ba da baki ba, Ɗalhatu. Na san bakinka tun muna kwana a kan buhuna a kasuwar Dawanau. A rubuce nake so, a shafin ƙungiya, inda kowane ɗan Balan zai buɗe wayarsa ya gani."

"Kafin azahar za ka gani."

Muka haɗa hannu. Ya shanye ragowar furata ba tare da na yi masa tayi ba, ya shiga motarsa ya tafi.

Wanda bai san gyaɗa ba zai ce mene ne abin faɗa a kan inji. Inji ɗaya gare mu, garuruwa arba'in. Garin da ya fara ɓarewa shi ke kai kaya Kano tun kasuwa tana jin ƙishirwa. Wanda ya zo ƙarshe kuwa, sai ya tarar kowa ya ƙoshi, ga ƙwari sun fara shiga buhu.

Abin da Tukur bai sani ba, tun ranar Litinin na riga na ba Malam Suhaibu na Toranke wannan hannun, a kan wannan injin. Malam Suhaibu shugaban Islamiyya ne, rabin manoman ɓangaren Ajingi 'ya'yansu a gabansa suka yi karatu. Inda ya nuna, nan suke dangwala yatsa. Shi ma a rubuce ya ce yake so.

Kada wanda ya zo ya yi mini wa'azi a ƙasan rubutun nan. Ku zo ku riƙe mutum dubu da inji ɗaya ku gani. Shirina ba shi da wuya: a yi zaɓe lafiya, ranar Lahadi in ce bel ɗin inji ya tsinke, a kai shi Kano gyara, in ya dawo a fara daga Ajingi tunda nan aka sauke shi. Kowa ya ji haushi kaɗan, ba wanda zai ji irin haushin da ke raba ƙungiya.

Kuma ba yau na fara ba.

Ƙungiyarmu tana da shafuka a intanet, kowane gari da nasa, arba'in cif. Ɗan Balan shafin Balan yake buɗewa. Me zai kai shi na Toranke ya ƙona datarsa? Da can wani mai shagon kwamfuta a Gaya, Muzammil, shi ya gina mana su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da irin fuskarsa. Na Balan kore, na Toranke ruwan ɗorawa, wani hotona a sama, wani a ƙasa, wani ma babu ni sam. In ina da magana biyu, takarda biyu nake aika masa. Ya liƙa wannan a nan, ya liƙa waccan a can. Shi ba ya tambaya, ni ba na bayani.

Sai dai shafukan sun zama kamar kayan gwanjo. Direban injinmu ya rasu, shekara guda lambarsa tana nan a shafi goma sha ɗaya, ana kiran matarsa ana tambayarta yaushe zai zo. Shi ya sa bana kwamiti ya ba Batula aikin, 'yar tsohon sakatarenmu Malam Kashim, wadda ta karanta kwamfuta a Wudil. Wata uku ta yi, ta mayar da shafukan nan kamar 'yan gida ɗaya da aka ɗinka wa anko. Sama iri ɗaya, ƙasa iri ɗaya, akwatin sanarwar Ciyaman a wuri ɗaya. Ta kuma sa mini ɗan hoton alƙalami a gefen akwatin, ni kaɗai nake ganinsa a wayata, in na taɓa sai in rubuta abin da nake so da kaina. Na ce madalla, Muzammil ɗin ma na huta da shi.

Ranar da ta miƙa aikin ta yi dogon bayani a gaban kwamiti. Ina waya da wani dillali a lokacin.

To, Tukur na fita na sa tabarau. Ajina uku a firamare, amma ina haɗa baƙi, a hankali dai. Na buɗe shafin Balan, na taɓa alƙalami, na rubuta: Injin ɓare gyaɗa zai fara aiki a Balan bana. Ciyaman.

Ko minti goma ba a yi ba saƙon murya ya shigo daga Tukur.

"Na gani. Ashe wata rana kana cika alkawari."

Na yi dariya, na buɗe shafin Toranke.

Ga rubutuna zaune a saman shafin Toranke, Balan ƙuru-ƙuru.

Na ce lallai babban yatsan nan nawa ne ya zame ya taɓa wuri biyu, dama wayar ta yi masa kaɗan. Maza na goge kafin wani ya gani, na rubuta Toranke. Na sauke numfashi. Na leƙa waje na kira mai fura.

Ban kai ludayi baki ba waya ta yi ƙara.

"Ɗalhatu!"

"Alhaji Tukur, har ka isa?"

"Ina na isa! Ina kan hanya ƙanena ya kira ni. Toranke? A shafin Balan? Ni za ka mayar ɗan yaye?"

"Wace Toranke kuma? Sabis ne ke rawa. Sake dubawa nan da minti biyar."

Na buɗe Balan. Wallahi Toranke ce zaune a wurin. Na goge, na mayar da Balan.

Waya ta sake ƙara. Malam Suhaibu. Shi ba ya ɗaga murya, kuma wannan ya fi ihu ciwo.

"Assalamu alaikum, Alhaji. Ɗazu malamaina suka nuna mini Toranke a waya, muka yi maka addu'a. Yanzu sun dawo sun nuna mini Balan. Ina so in san wacce za mu riƙe, addu'ar ko sanarwar."

"Malam, riƙe addu'ar. Shaiɗanun yaran intanet ne, yanzu zan yi maganinsu."

Na goge, na rubuta Toranke.

Tukur ya kira.

Sau shida na yi wannan jeka-ka-dawo kafin a kira azahar. Furar ta tsinke a kwano, ƙudaje suka gaje ta. Daga ƙarshe na goge komai na rubuta: Ana gyara. Na yi sallah, ban san surar da na karanta ba, na zuba waya a aljihu na fita.

Shekara shida rabona da taka ƙofar gidan Malam Kashim, ko da yake tsakaninsa da shagona bai fi tafiyar minti biyar ba. Duk aikin nan da aka yi, ofis nake kiran Batula ta same ni. Yau ban tsaya kira ba.

Na same ta a zaure a kan tabarma, kwamfuta a cinya, kofin shayi a gefe.

"Sannu da zuwa, Baba Alhaji. Ina wuni?"

"Ban wuni ba! Ke, abin nan naki ya lalace."

"Subhanallahi. Me ya yi?"

"Na rubuta a Balan, ya fito a Toranke."

"To ai lafiyarsa ƙalau ke nan."

Na kalle ta. Ko gezau.

"Baba, zauna in nuna maka."

"A tsaye ma ina gani."

"Ka san ƙarfen buga bulo?"

"Na gina gida uku kafin a yanka miki rago."

"To Muzammil kowane bulo da hannu ya mulmula shi, shi ya sa babu biyu da suka yi kama. Ni kuwa ƙarfe na ƙera. Saman shafi ƙarfe ɗaya, ƙasan shafi ƙarfe ɗaya, akwatin sanarwa ƙarfe ɗaya. Duk shafin da zan gina, waɗannan nake ɗaukowa in jera. In lambar direba ta canza, wuri ɗaya zan gyara, ba arba'in ba."

"Tsaya nan. Bulo ko daga ƙarfe ɗaya ya fito, in na fasa na Balan, na Toranke ba ya fashewa."

Ta ɗan yi murmushi.

"Ka kama ni, Baba. To ɗauke shi lasifikar masallacin Juma'a. An rataya ta a kusurwa arba'in, amma liman ɗaya ne, abin maganarsa ɗaya ne."

"Alƙalami arba'in ɗin da na gani fa?"

"Ɗaya ne. Sau arba'in ka gan shi."

"To me ya sa sunayen manoman Balan ba su fito a Toranke ba?"

"Wannan tsakiyar shafi ce. Na bar wa kowane gari wurin zuba kayansa, sunaye, ranar taro, inda za a ajiye inji. Amma Ciyaman ɗaya ne, sai na ga ai maganarsa ma ɗaya ce."

"Kika ga! Wa ya aike ki gani?"

Ta ɗauki kofin shayinta ta kurɓa.

Na sassauta murya. Ni ma na san ba a cin kasuwa da ihu.

"Batula, 'yata. Raba mini akwatin nan gida biyu. Gaya nasu, Ajingi nasu. Za ki iya ko ba za ki iya ba?"

"Zan iya. Kafin shayin nan ya huce na gama."

"Alhamdulillahi. Bismillah."

"Ba zan yi ba."

Na cire tabarau, na goge, na mayar. Yarinyar da na taɓa saya wa alewa a bakin tasha.

"Ke, wa ya ba ki aikin nan?"

"Kwamiti."

"Wane ne kwamiti in ba ni ba? Gobe in karɓe in mayar wa Muzammil."

"Kafin Asabar? Shafi arba'in, ɗaya bayan ɗaya? Wancan karon wata takwas ya yi, Baba."

"Ƙungiyar masu shinkafa suna neman mai yi musu irin wannan. Shugabansu abokina ne. Kalma ɗaya zan yi."

"Na gode. Su ma akwati ɗaya zan yi musu."

Nan haƙurina ya ƙare.

"Ke kwamfuta kika sani, ba ki san mutane ba! Mutum ba bulo ba ne. Ɗan Balan da irin maganar da ake yi masa, ɗan Toranke da irin tasa. Shekara goma sha biyu ina lallaɓa su kamar ƙwai a faranti. Kin zo wata uku kin ɗinke mini baki wuri ɗaya. In ƙungiyar nan ta watse ranar Asabar, ke za ki tara ta? Mutum nawa kika sani a cikinsu?"

"Na san mutum ɗaya."

Ta juyo da fuskar kwamfutar wajena.

Hotunan takardu biyu ne, gefe da gefe. Takardar littafin makaranta mai layi. Kwanan wata ɗaya, shekara shida da suka wuce. Ɗaya ta ce rabon irin gyaɗa zai fara daga Gaya. Ɗaya ta ce zai fara daga Ajingi. Rubutun nan mai kama da tafiyar kaza, ko a cikin dubu na san shi. Ga hatimina a ƙasan kowacce.

"Da Muzammil zai miƙo mini aikin, komai ya juye mini," ta ce. "Har hotunan takardun da ake kai masa ya liƙa. Mutumin ba ya yar da komai."

A lokacin na zauna. Ba ta sake cewa in zauna ba.

Wanda bai san zancen ba, ga shi a taƙaice. Waccan shekarar wani ɗan Balan da ke auren 'yar Toranke ya haɗa wayarsa da ta surukinsa, asiri ya tonu. Aka kira taron gaggawa a wani filin makaranta a Gaya, mutum ya fi ɗari uku, har da masu sanduna. Aka ce Ciyaman ya yi bayani. Na miƙe na ce sakatare ne ya rikita takardu. Kashim yana zaune a gefena. Wani ya yi ihu daga baya, "Mai baki biyu!" Aka ɗaga hannu, aka cire shi. Ya ajiye mabuɗin ofis a kan tebur ya tafi, bai ce uffan ba.

"Tun ranar bai sake shiga kasuwa ba," in ji Batula. "Sahun baya yake sallah. Ana sallamewa zai fito kafin kowa ya juyo."

"Tarko kika ɗana mini ke nan."

"Da tarko ne da ban yi maka bayani har sau biyu a gaban kwamiti ba. Kana waya."

"To don me?"

"Na haɗa akwatin tun kafin in ga takardun nan, saboda haka aikin yake. Da na gan su ne dai na ce ko wa ya zo ba zan raba shi ba."

Na kalli labulen da ya raba zaure da cikin gida.

"Babanki ya sani?"

"Na nuna masa wata biyu da suka wuce."

"Ya ce me?"

"Ya ce in rufe. Ya ce shi ya kai takardun da hannunsa, ya karanta su a mota, bai buɗe baki ba, don haka shi ma yana da nasa rabon. Ya ce ranar da kakana ya rasu a asibiti a Kano, kai ka ɗauko gawar a motarka, cikin ruwan sama, ba wanda ya roƙe ka. Ya ce in na nuna wa wani bai yafe ba."

"Kin nuna?"

"Kai kaɗai."

Wannan ya fi komai ba ni haushi. Mutum ya zage ka, ka san yadda za ka yi da shi. Ya kai ka ƙara, ka san ƙofar da za ka bi. Amma wanda ya yi maka shiru shekara shida, ta ina za ka kama shi? Wa ya roƙe shi?

Ina shirin magana sai na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Na san ƙarar motar Tukur. Abin da ban taɓa zato ba shi ne wanda ya fito daga kujerar gaba.

Malam Suhaibu.

Mutanen da tun rikicin irin gyaɗa ko a jana'iza ba sa haɗa sahu. Suka yi sallama tare, suka shigo tare, kowa da waya a hannu.

"Ciyaman," in ji Tukur, "sabis yana gaishe ka. A shago aka ce ka yo nan."

"Alhaji, ai ga shi gyaran nake sa a yi."

"Kada ka wahalar da yarinya. Duk sanda ka canza, samarin Balan sai su ɗauki hoton fuskar waya. Na Toranke ma haka. Sai suka fara tura wa juna. Ga su nan guda shida a jere. Balan, Toranke, Balan, Toranke, kamar mai casa. Da na ga na huɗu na juya kan mota na nufi gidan Malam."

Malam Suhaibu bai ko kalle ni ba. Batula ya fuskanta.

"Yarinya, don Allah tambaya ɗaya. Wa ke iya rubutu a akwatin nan?"

Ta kalle ni, sannan ta sunkuyar da kai.

"Ciyaman kaɗai, Malam."

"Sakatare fa?"

"A'a."

"Shaiɗanun yaran intanet fa?"

"A'a, Malam."

"Na gode."

Na ce, "Malam, bari in yi maka bayani. Shugabanci..."

"Alhaji, kunnena ɗaya ya ji bayaninka ranar Litinin, na Alhaji Tukur ya ji yau. Mun haɗa su a mota. Maganar inji mun gama ta tun kafin mu shigo Ajingi. Ranar Asabar za a rubuta sunan garuruwa a jefa a hula a gaban jama'a, wanda ya fito shi ya fara."

"Janyewar da na yi kuma na janye ta," in ji Tukur. "Malam ya ce mutanensa suna bayana."

"Kai da ka shanye mini fura da safe!"

"Da na san haka za a yi da na haɗa da kwanon."

Malam Suhaibu ya ɗaga hannu, muka yi shiru kamar ɗalibansa.

"Ba wannan ya kawo ni ba. A hanya wani abu ya faɗo mini. Shekara shida da suka wuce an yi irin wannan, aka ce Kashim ne. Yau Kashim ba shi da ofis, ba shi da mabuɗi, ba shi da alƙalami, kuma ga magana biyu ta sake fitowa. Ni ne na fara ɗaga hannu a cire shi, Alhaji. Da hannun nan da nake koya wa yara alwala."

Tukur ya daina dariya. Ya cire hula ya sosa kai.

"Ni ne na ce mai baki biyu," ya ce a hankali. "Daga baya nake tsaye."

Na saci kallon kwamfutar. Batula ta riga ta rufe ta. Ba ta nuna musu komai ba, ba ta ma buƙata.

"Kujera ta tafi, Alhaji," in ji Malam Suhaibu. "Wannan ba mai dawo da ita. Abin da ya rage shi ne yadda za ka sauka. Ko ka wanke bawan Allahn nan da bakinka yau, ranar Asabar ka miƙa mabuɗi kamar dattijo. Ko kuma ni in miƙe a filin taro in yi tambayar da na yi yanzu, a gaban mutum ɗari uku."

"Malam, a ba ni zuwa gobe."

"Shi an ba shi zuwa gobe?"

Labule ya motsa.

Kashim ne. Ya rame, gemun ya yi fari fat, rigar ta yi masa yawa. Kofin silba a hannunsa. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, Tukur ya kawar da kai, Malam Suhaibu ya dubi tabarma.

"Ɗalhatu," ya ce, "ka shigo gidana tun ɗazu ba a ba ka ruwa ba? Batula, haka na koya miki?"

Ya miƙo mini kofin. Na karɓa, don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Batula ta taso ta durƙusa a gabana, ta miƙo tafin hannu.

"Baba Alhaji, wayarka ce kaɗai ke iya rubutun. Kawo in riƙe maka, ka faɗa ina rubutawa. Ba sai ka zaga gari arba'in ba. Sau ɗaya za ka faɗa."

Ni ɗan kasuwa ne, ko a tsakiyar gobara sai na duba wa ya ci wa ya faɗi. Tukur ya zo da safe zai ba da kujera ya karɓi inji, ga shi kafin la'asar kujerar tana nufo shi, sunan Balan kuma yana cikin hula. Malam Suhaibu bai rasa komai ba sai alkawarin da dama iska ne. Batula akwatinta yana nan guda ɗaya, yadda ta gina shi. Kashim bai nemi komai ba, amma ga manyan ƙungiya uku a zaurensa, ba mai iya haɗa ido da shi.

Wanda ya faɗi kuwa shi ne mutumin da ya yi hantsi da ƙuri'un Gaya a aljihun dama, na Ajingi a na hagu. Ga shi zaune a tabarmar wani da kofin ruwa a hannu, mutum huɗu sun zuba masa ido, kuma ko baki bai buɗe ba tukuna.